Fina-finan Babanku da Farin Galan

Na san abin da kuke faɗi idan kun same ni a tsakar gida da waya a hannu ina kallon tsofaffin fina-finan Turawa, waɗanda ko launi babu a cikinsu. Kuna cewa tsufa ne, ko kewar babanku. Akwai kewar, ba zan musa ba. Na kuma san manyan cikinku sun tashi suna jin ana kiran gidanmu da wani suna a bayan ido, har aka taɓa dawo min da ɗayanku daga makaranta da fasasshen leɓe a kan sunan, kuma ban taɓa zaunar da ku na gaya muku asalin maganar ba. Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya. Yanzu da ƙarfi ya ragu, ido ma ya fara gajiya, gara ku ji daga gare ni, ba daga bakin 'yan unguwa ba.

Babanku, Allah ya ji ƙansa, mai gyaran rediyo da talabijin ne kafin komai. Rumfarsa tana bakin titi a nan Kura, sannan yana da 'yar gonar ban-ruwa a hanyar Bunkure, tumatir da albasa da rani, shinkafa da damina. Wata shekara wani injiniya daga cikin masu kula da kanal ɗin ban-ruwa ya kawo masa gyaran bidiyo. Suka saba, da aikin mutumin ya ƙare zai koma garinsu sai ya bar masa bidiyon da kwali guda na kaset, ya ce kaya sun yi masa yawa. Haka kwalin nan ya shigo ɗakina. Mun zaci irin na rawa da waƙa ne da ake yayi a lokacin, sai muka tarar tsofaffin fina-finai ne, yawancinsu baƙi da fari. Wasu na masu bincike ne, a kashe mutum a rasa wanda ya kashe shi. Wasu na ɓarayi da 'yan fashi. Kaɗan kuma na ban tsoro, da tsofaffin gidaje da ƙofofi masu buɗe kansu.

Ba kullum ake kawo wuta ba, kuma idan an kawo da rana ne. Da zarar babanku ya ga ƙwan rumfarsa ya kama bayan azahar, sai ya ja ƙyaure ya taho gida. Turancinsa na gyaran rediyo ne, bai wuce sunayen wayoyi da batir ba, amma yakan fassara min da ƙarfin hali, sai daga baya na gane rabin abin da yake faɗa shi yake ƙirƙira. Ni da ba na jin ko kalma ɗaya sai na koma kallon abin da ba ya buƙatar fassara: hannuwan mutane, idanunsu, wa ya dubi ƙofa da aka yi wata tambaya, wa ya amsa da sauri fiye da kima. Da haka nakan riga shi gano mai laifi, shi kuwa ya ce sa'a ce kawai. Inna, kakarku, takan zauna a bakin ƙofa ta ba mu baya tana tsintar shinkafa a faifai, tana cewa ita ba ta kallon shirme. Amma idan an zo wurin tona asiri sai ka ji faifan ya yi shiru.

"Wancan mai gashin bakin ne," haka za ta ce. "Tun shigowarsa ban yarda da fuskarsa ba."

Da wuya ta canka daidai, domin a irin waɗannan fina-finai mai mummunar fuska ba kasafai yake zama shi ne ba. An ajiye shi ne don ido ya tsaya a kansa. Baffa Malam kuwa, yayan babanku mai makarantar Islamiyya a gidan da ke jikin namu, bai taɓa cewa haramun ne ba. Abin da yake cewa shi ne lokaci amana ne, kuma bai ga abin da mutum zai ƙaru da shi a kallon arna suna kashe juna ba.

A shekarar da nake son ba ku labari, ina sana'ar zoɓo. Da rani, lokacin tsinkar tumatir, masu gona sukan ɗauki 'yan ƙwadago maza da mata, kuma rana ta Kura kun san ta. Sai masu gonar su aiko tun safe, na dafa zoɓo da citta da kanumfari, na tace, na zuba a galan-galan, su zo da babur su ɗauka. Kowane galan na ɗinke shi da buhu, a jiƙa buhun don ya riƙe sanyi. Zoɓona ya yi suna, ba yabon kai ba. Da shi na yi wa Inna zannuwa, da shi na fara tara wa yayarku kwanuka.

Ana tsakiyar tsinka sai ciwo ya ɓullo. A wata gona wajen Bunkure mutum huɗu suka kwanta rana ɗaya bayan azahar: amai, gumi, yawu yana zuba, jiri, wasu har jikinsu yana rawa. Aka ce rana ce ta buge su. Bayan mako guda sai ya sake faruwa a wata gonar dabam, kuma wannan karon a cikinsu akwai Zulai. Zulai da mijinta 'yan ci-rani ne da suka zo suka zauna, tana da ciki wata shida, na fari bayan shekaru tana nema. Aka kai ta asibiti, ita ta rayu, cikin bai tsaya ba. A cikin zafin ciwo, in ji matan da suka raka ta, ta yi ta kiran sunan Iya Dije.

Iya Dije tsohuwa ce da ke zaune a ƙarshen unguwarmu da 'yarta bazawara da jikoki mata biyu. Ba ta da namiji a gida, ba ta da gona. Sana'arta ita ce bin gonaki tana roƙon fasasshen tumatir da ba zai shiga kwando ba, ta yanka ta shanya ta yi kauɗa ta sayar da damina. Idanunta jajaye ne saboda hayaƙin kara, kuma ba ta iya gaisuwa mai tsawo ba. An gan ta a gonar farko ranar da abin ya faru. An gan ta a ta biyu, har ta roƙi Zulai ta sam mata abin sha, Zulai ta ce ya ƙare, sai tsohuwar ta dubi cikinta ta ce Allah ya sauke ki lafiya. Wannan addu'ar ita aka juya. Kafin kwana uku babu gidan da ba a ce Iya Dije mayya ce ba, ta kama kurwar mutane, ta lashe abin da ke cikin Zulai. Mata suka daina ba ta wuta. Aka janye yara daga wasa da jikokinta. Ni ma, kada na wanke kaina, ranar da ta yi sallama a ƙofarmu sai na yi shiru kamar ba na nan.

Sai karo na uku ya zo, a wata gona kusa da babban kanal, mutum biyar. Da yamma babanku ya dawo da labarin, ya ce Mai Unguwa ya sa ranar Alhamis bayan la'asar za a fito da Iya Dije ta tsallaka marasa lafiyar ta sakar musu kurwa, in ta ƙi kuwa matasa sun ce sun san abin da za su yi. Ina tankaɗe a lokacin. Na tambaye shi ko an ga tsohuwar a gonar.

"Ba a gan ta ba," ya ce. "Tana kasuwar Bunkure tun safe. Amma sun ce maye ba ya buƙatar ƙafa."

Wannan maganar ce ta tsaya min. A cikin kwalin nan akwai na ban tsoro da na kalla fiye da sau ɗaya, inda mutanen gari suke taruwa da sanduna su nufi gidan wani da suka ce shi ne annobarsu. Abin da fim yake yi da ba a yi maka a zahiri shi ne yakan shigar da kai cikin gidan, ya zaunar da kai kusa da wanda ake nufowa, ka ji hayaniyar tana matsowa daga waje. Na zauna a cikin irin wannan gidan sau da yawa ina cikin ɗakina lafiya, kuma na lura dodon da aka shafa wa fenti bai taɓa ba ni tsoro kamar fuskokin masu sandunan ba. Ranar nan sai na ga Iya Dije a zaune da jikokinta tana jiran Alhamis. Sannan na tuna yadda masu binciken nan suke yi. Ba sa fara tambayar wa ake zargi. Ƙananan tambayoyi suke yi, masu gundura, har mutane su ƙosa da su. Na ajiye rariya na ce wa babanku ina so gobe ya bi gonakin nan uku ya tambayo min abu ɗaya.

"Kada ka tambayi wa ya kwanta, maigida. Ka tambayo wa bai kwanta ba, kuma me ya ci, me bai ci ba."

Ya yi dariya ya ce ashe an samu 'yar sanda a gidan. Amma ya je, domin shi ma abin ya dame shi. Washegari da azahar ya dawo ya zauna a kan turmi yana lissafo min su. Abinci kowa da nasa ya zo, wani ɗanwake, wani garin kwaki, wani rogo. Ruwa kuwa duk na rijiya ɗaya suka sha a gona ta biyu, amma rabinsu lafiya lau. A gonar farko akwai dattijon da yake azumin Litinin, bai kwanta ba. A ta biyu akwai mai gyambon ciki da ba ya shan abu mai tsami, bai kwanta ba. A ta uku masu ɗaukar kwando zuwa bakin hanya sun dawo sun tarar galan ɗaya ya ƙare, suka sha daga na biyu, babu abin da ya same su. Yana cikin faɗa sai muryarsa ta fara raguwa, domin shi ma ya ji inda maganar ta nufa. Gonakin nan uku duk a wurina suke sayen zoɓo.

Na ce ai kullum ina aika zoɓo gonaki da yawa, me ya sa sai ranaku uku. Ina rufe baki amsar ta zo min. Galan huɗu nake da su na kullum, akwai na biyar da ba na taɓawa sai ranar da masu saye suka yi yawa. Na same shi ne a ɗakin ajiya na zaure, a bayan buhuna, fari tas, takardar jikinsa ta ɓare. Yana ɗan wari kamar kalanzir, na ɗauka kalanzir aka taɓa zubawa. Na wanke shi da toka da sabulu, na shanya shi kwana uku a rana, na ɗinke shi da buhu kamar sauran, ban gaya wa kowa ba don ban ga abin faɗa ba. Sau uku na yi amfani da shi. Na shiga madafa na ɗauko shi, babanku ya sa reza ya farke buhun. Yana ganin murfin ya rufe ido.

"Rakiya, wannan na maganin feshi ne. Na tsutsar tumatir. Ni na ajiye shi bara, na ce zan binne na manta."

Ban yi kuka a lokacin ba. Na ce a wurin masu bincike ba a yanke hukunci da zato, ko da zaton a kaina ya faɗa. Na tafasa ruwa na zuba a ciki kamar yadda nake zuba zoɓo da ɗuminsa, na bar shi ya jima, na kwaɓa dusa da shi na ba wata kazata a cikin akurki. Kafin la'asar tana tangaɗi, ruwa yana zuba daga bakinta. Kafin magariba ta mutu. Robar ta sha maganin, wanki bai fitar da shi ba, citta da kanumfari kuma suka rufe warin. Na tsaya a kan kazar nan na tuna Zulai.

Washegari Laraba da safe muka zauna mu uku a ɗakin Inna. Babanku ya ce zai fasa galan ɗin ya binne shi a bayan gari, ciwo ya tsaya, shi ke nan, Allah ya san ba da gangan aka yi ba. Kada ku ga laifinsa. Tsoro yake ji saboda ni, kuma yana ganin rabin laifin nasa ne. Inna ta goyi bayansa, ta kama hannuna, abin da ba ta saba yi ba.

"Ke yarinya, gidan nan da 'ya'ya mata. Idan kika buɗe baki, wa zai sake cin abin hannunki, wa zai zo neman 'ya'yanki? Tsohuwar nan tsallakawa kawai za ta yi, ba yanka ta za a yi ba."

Na ce mata abin da na kwana ina juyawa. Idan muka binne galan yau, gobe Iya Dije ta tsallaka marasa lafiya, ciwo kuma bai sake dawowa ba, to mu da hannunmu mun tabbatar wa gari cewa mayya ce. Ba za a ƙara shakka ba har abada. Kuma an ce maita gado ce, saboda haka 'yarta da jikokinta sun shiga ciki. 'Ya'yan da Inna take tsoron a ƙi aura, akwai irinsu biyu a wancan gidan. Sannan mutum biyar suna kwance a asibiti ana yi musu maganin abin da ba a sani ba. Inna ta saki hannuna ta ce wannan kallon ne ya ɓata min kai. Babanku ya tashi ya kira yayansa.

Baffa Malam ya shigo da carbinsa, ya zauna a bakin ƙofa ya saurari komai, ya sa aka nuna masa galan da kazar. Ya ce tun makon jiya yake faɗa a masallaci cewa zargi ba hujja ba ne, babu wanda ya saurare shi, domin hannunsa babu komai sai magana. Sannan ya juyo wajena.

"Abin da ya wuce kuskure ne, Rakiya, Allah yana yafe kuskure. Shirun da za a yi daga yau shi ne ba kuskure ba. Amma ba zan tilasta ki ba. Idan kin yarda, ni zan shige gaba."

Na ce na yarda. Babanku ya ɗauki galan a babur ya fara kai shi asibiti, ma'aikacin da ke duba marasa lafiyar ya shinshina ya ce da an kawo wannan tun farko da an huta, nan take suka canza magani. Ranar Alhamis bayan la'asar na saka mayafi na bi bayan Baffa Malam da babanku zuwa ƙofar gidan Mai Unguwa. Tun da aka kawo ni garin nan ban taɓa tsayawa a gaban maza masu yawa haka ba. Iya Dije tana zaune a ƙasa a tsakiya, ta ɗora hannuwanta a gwiwa, ba ta kallon kowa. Baffa Malam ya nemi izini, aka ba ni wuri a bakin zaure. Na bi abin daki-daki yadda na ga ana yi: gona ta farko da mai azumi, ta biyu da mai gyambon ciki, ta uku da masu ɗaukar kwando, sannan galan, sannan kaza. Na ce Iya Dije ba ta taɓa kowa ba, daga madafata ciwon ya fito.

Wani matashi ya ce ai mayyar ce ta juya min baki. Sai dattijon nan mai azumin Litinin ya miƙe ya ce shi dai bai sha ba kuma bai kwanta ba, ɗansa ya sha ya kwanta, kuma tsohuwar da shi ta gaisa ba da ɗansa ba. Babanku ya ɗaga galan sama ya ce nasa ne, shi ya ajiye shi, duk manomin da ke wurin ya san wannan murfin. Da yawa suka sunkuyar da kai, domin babu gidan da babu irinsa, wasu ma man gyaɗa suke zubawa a ciki. Mai Unguwa ya ce Iya Dije ta tashi ta tafi gida, kuma duk wanda ya sake kiranta da wannan suna da shi zai yi. Ta tashi da ƙyar, ta karkaɗe zaninta, ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba.

Abin da Inna ta hango bai ƙi faruwa ba. Daga ranar ban sake sayar da ko ludayi ɗaya na zoɓo ba. Na gwada ƙosai, na gwada dafa-duka, babu mai saye. Idan aka yi biki na aika da abinci, sai kwanon ya dawo yadda ya tafi, ko na ji an zuba wa awaki. Aka sa mana suna gidan guba, shi ne sunan da kuka tashi kuna ji. Mutanen da suka fara maganar auren yayarku suka janye ba tare da sun faɗi dalili ba, sai bayan shekara biyu Allah ya kawo mijinta na yanzu daga Kumbotso, kuma kun ga yadda ya riƙe ta. Inna ta yi wata uku ba ta yi min magana sai ta dole. Abin da addini ya ɗora mana game da cikin Zulai, Baffa Malam ya faɗa mana, muka sauke. Babanku ya tura kwalin kaset ƙarƙashin gado, kusan shekara ko an kawo wuta ba ya dawowa da rana. Ni kuma na koma ɗinkin hula, wanda ba a ci ba a sha.

Iya Dije ba ta taɓa yi min godiya ba, kuma ban ga dalilin da za ta yi ba, tunda ni na jawo mata. Bayan kamar mako biyu ta yi sallama, wannan karon na amsa. Ta ajiye min kwanon kauɗa, ta zauna ta yi ƙorafin ciwon gwiwa da tsadar gishiri, ta tashi ta tafi. Haka ta riƙa yi lokaci-lokaci har ta rasu. Jikokinta duka biyu a garin nan suka yi aure, ɗayar ma kun san ta, ita ce mai injin markaɗe a bayan masallaci.

Wanda ya sa aka fito da kwalin nan kuwa ba za ku zata ba. Baffa Malam ne ya shigo wata rana da azahar ya ce wa ƙaninsa yana so ya ga irin abin da ya koya wa matarsa tambaya. Aka saka masa ɗaya na masu bincike. Ya ƙi zama, ya kalla a tsaye hannunsa a baya tun daga farko har ƙarshe, ya zargi mai aikin gidan, ashe likitan ne. Da aka gama ya ce har yanzu yana ganin tilawa ta fi, amma ya yarda wanda ya shirya wannan ya san halin ɗan Adam. Bai sake kallo ba. Sai dai daga baya na ji ɗalibansa suna cewa idan aka kawo masa ƙarar sata a makaranta, ba ya dukan wanda aka nuna sai ya gama tambayar kowa inda yake zaune.

Na ga fina-finan da jikokina suke kallo yanzu, ana gudu ana harbi, jini ko'ina, kafin ka gane fuskar mutum an kashe shi. Ban hana ba. Amma tsofaffin nan suna da haƙuri. Sukan bar ka ka zauna da rashin sani, ka zargi wannan ka ji kunya, ka zargi wancan ka sake jin kunya, har ka koyi riƙe bakinka. Na ɓarayin kuma sun nuna min cewa mai ɓarna yawanci mutum ne kamar kowa, yana da uwa, yana shan shayi, wani lokaci bai ma san girman abin da ya yi ba. Da ban saba ganin haka ba, ina jin da ban iya duba madafata ba. Ban ce fim ya fi karatu ba, kada ku kai wa 'ya'yan Baffa Malam wannan magana. Sanin cewa shiru zunubi ne daga karatu ya zo. Amma yadda zan gano abin da zan yi shiru a kansa ko na faɗa, a gaban talabijin ɗin babanku na koya.

Saura magana ɗaya, kuma saboda ita na ɗauki biro. Zulai tana nan da rai, tana wani ƙauye bayan Bunkure wajen ƙanenta. Ba ta sake samun ciki ba, mijin ya rasu tuntuni. Sau huɗu ina zuwa neman gafararta. Na farko ba ta fito ba. Na biyu da na uku ta fito ta shimfiɗa min tabarma, muka gaisa, da na ɗauko maganar sai ta tashi ta shiga ɗaki. Na huɗu, shekara uku da suka wuce, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Na san ba ki yi da gangan ba, Rakiya. Na daɗe da sani. Amma duk lokacin da na zo faɗin kalmar sai ta tsaya min a nan."

Ta nuna maƙogwaronta. Na ce babu komai, ta ɗauki lokacinta.

Duk kaka ina aika mata da shinkafa daga gonar babanku, tana karɓa. Wannan kada ya tsaya bayan raina, na ɗora wa babbanku. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, kada ku bari ta ji a bakin mutane. Biyu daga cikinku su hau mota su je su gaya mata da kansu. Kada ku roƙe ta komai, kada ku kai mata malami ya yi mata wa'azin yafiya, haƙƙinta ne. Idan ta faɗi kalmar, ku gode mata. Idan ta yi shiru, ku zauna kaɗan, ku tambaye ta ko rufin ɗakinta yana yoyo, sannan ku yi mata sallama ku taso.